Durƙuson Bayan Rumbu

Ranar da Bushira ta fara ganin mijinta durƙushe a bayan rumbu, ta zaci kunama ce ta harbe shi. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ta nufe shi da sauri, iyakar saurin da mai cikin wata shida za ta iya. Sai da ta matso ta ga ba kunama ba ce. Mahfuzu ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe, hularsa na bisa gwiwa, ya kai waya bakinsa yana magana a hankali, kansa a sunkuye. Yana jin motsinta ya miƙe zumbur, ya cusa wayar aljihu, ya shiga kakkaɓe wando.

"Wa na?" in ji ta.

"Wani na. Zancen albasa."

To, ai kowa a Ibohamane ya san yadda Mahfuzu ke zancen albasa. In dillalan Madawa suka kira shi, maƙwabta na jin cinikin daga farko har ƙarshe, kaji ma sai sun watse. Mutumin da bai iya raɗa ba ko a masallaci, yau shi ne ke lallaɓa murya a bayan rumbu, ƙafa ba takalmi. Bushira ta juya. Ta koma ta ɗauki ƙwaryarta, amma furar ranar nan ba ta damu da kyau ba.

Daga nan abin ya zama na kullum. Da la'asar ta yi, wayar za ta ɗan yi ƙara, shi kuma ya laluba abin saurarensa ya toshe kunne, ya zagaya bayan rumbu. In ya dawo, fuskarsa ta yi laushi, ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Sai tambaya: ta ci abinci? Ƙafafun sun sake kumbura? Ta sha maganin ƙarin jinin da aka ba ta a likita? Har ya hana ta hawa fako wurin aikin gyaran ƙasa, inda matan gari ke haƙa ramukan tare ruwa suna jera duwatsu, alhali can ne take samun hira da dariya. Da ta yi gardama ya ce ba ya son ta ƙara ɗaga dutse, magana ta ƙare.

Da wata macen ce, da ta ji daɗi. Bushira tsoro ta ji, don ta san abin da za ta rasa. Ciki biyu sun zube mata kafin wannan, kuma duk duniya ba ta da inda za ta jingina in ba Mahfuzu ba. Kakarta da ta goye ta a Sabon Gida ta rasu bara waccan. Uwarta, Inna Zali, tana nan da ranta, amma Bushira ɗiyar fari ce, kuma Inna Zali irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da aka yaye ta aka miƙa ta ɗakin kaka. Ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. “Waccan” ce, ko “ke”. In ta gaishe ta, amsa biyu ce a taƙaice, ido na wani wuri. Ko lokacin ɓari na biyu, da aka kwantar da ita a likitar Keita, an ce Inna Zali ta zo, amma a bakin ƙofa ta tsaya, ta koma ba ta shiga ba. Mutane suna yabon irin wannan, suna cewa kara ce. Wadda aka yi wa karar kuwa ba wanda ya taɓa tambayarta yadda take ji.

Saboda haka in zuciyar Mahfuzu ta koma wani wuri, Bushira da abin da ke cikinta sun zama ba su da kowa.

Ta kai kukanta wurin Jamila, maƙwabciyarta. Mijin Jamila ya daɗe a Abijan wurin biɗar kuɗi, aurenta duk cikin waya yake zaune, don haka ba lungun wayar da ba ta sani ba. Ta saurara tana tsinke zogale, har aka zo wurin durƙuso. Nan ta saki reshen.

"Durƙusawa shika yi? Ga waya?"

"Har takalma shika tuɓewa."

"Kayya, ƙawata. Namijin da yad durƙusa ma waya an gama da shi. Tambayoyin ga da shika miki kuwa, kunyar abin da shika yi ta. Ɗauko mani ita in gani."

Washegari Mahfuzu ya shiga wanka ya bar wayar jikin batir tana caji. Bushira ta san zanen buɗe ta, don bai taɓa ɓoye mata ba, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan. Ta miƙa wa Jamila ta kan katanga. A saman jerin hirarrakinsa akwai wata lamba, ba suna, ba hoto. Suka buɗe, wayam. Ko gaisuwa babu.

"Kin gani?" Jamila ta nuna mata wata 'yar alama mai kamar agogo. "An sa saƙo shi ɓace da kainai in ya kwana. Kuma na rantse bokal ɗin, saƙon muryar da suka aika ma juna, irin na saurare guda na. Kina ji sau ɗaya, shi ke nan, ya tahi. Ba a ajiye shi, ba a tura ma wani. Mai zancen albasa mi zai kai shi ga wanga?"

Ta ɗauki hoton lambar da tata wayar, ta maido ta Mahfuzu kafin ya gama zuba ruwa.

Bushira ta so ta haƙura, wallahi ta so. Ta yi ta gaya wa kanta cewa da aure zai ƙara, ai Mahfuzu ba matsoraci ba ne, da ya faɗa. Amma wannan tunanin bai sanyaya mata rai ba, don abin da ba a iya faɗa ya fi wanda ake faɗa muni. Ta fara lura da komai. Sabulun da ya saya ranar kasuwa. Askin da ya yi ba Juma'a ba. Rannan ya ce zai kai albasa Madawa, ya dawo da ƙullin kuka da daddawa masu kyau, ya ce a hanya ya saya. Ta shinshina ƙullin ta ji hannun mace a ciki, ta ajiye shi can bayan tukwane ba ta taɓa ba.

Ranar da haƙurin ya ƙare, da hantsi ne, maza duk suna gona suna sassabe don hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ta shiga gidan Jamila ta ce a kira lambar.

Wayar Jamila ta yi ta ƙara har Bushira ta fid da rai, sannan aka ɗauka. Ba a yi sallama ba. Tana jin kukan akuya can nesa, da numfashin mutum dab da wayar.

"Wa ka magana?" ta ce.

Shiru.

"Na san kina jina. Ni ta matar Mahfuzu."

Numfashin ya tsaya, ya dawo. Ba a kashe ba, ba a kuma tanka ba. Wannan shirun ne ya tunzura ta. Duk abin da ta haɗiye tun ranar kunama ya taso mata, ta buɗe baki ta zuba. Ta ce mata ta ji tsoron Allah. Ta ce mata macen da ke laɓewa bayan saƙon da ke ɓacewa ta san abin da take yi ba na kirki ba ne. Ta ce ita ciki gare ta, ta rasa biyu, in wannan ya sami wani abu hakkin yana wuyanta har gaban Allah. Ta rufe da cewa ba ta taɓa ganin marar kunya irinta ba. Jamila na gefe tana gyaɗa kai, tana ƙara mata wuta da hannu. Har ta gama ba a kashe ba. Ita ce ta gaji ta miƙa wa Jamila wayarta.

Da la'asar ɗin ranar wayar Mahfuzu ba ta yi ƙara ba. Ya ciro ta ya duba, ya mayar. Ya hau tudun bayan gida neman rezo, ko layin waya ne ya ɗauke, ya dawo. Tuwo ma kaɗan ya taɓa. Bushira na kallonsa ta wutsiyar ido, zuciyarta na ƙuna: ashe haka matar ta shiga ransa. Ta yanke shawara a ranta. Za ta ji muryar da kunnenta, sau ɗaya ya isa, sannan ta je wurin baffansa ta ce a ba ta takardarta. Inda za ta nufa bayan nan ba ta sani ba, ta dai ƙulle zannuwanta uku a ɗankwali ta tura ƙarƙashin gado.

Kafin asuba ruwan shuka ya sauka, mai yawa. Gari na wayewa Ibohamane ta zama ba kowa sai tsofaffi da masu ciki. Duk mai ƙafa ya ɗauki sungumi da iri ya yi gona, don ƙasar Adar ba ta jiran mai nawa. Mahfuzu ya fita a guje, ya bar wayar cikin ɗaki kada ta jiƙe.

Rana ta ɗan ɗaga, Bushira na tankaɗe, ta ji ƙarar. Ta share hannu a zane ta shiga. Lambar nan ce. Saƙon murya guda, da 'yar alamarsa ta saurare ɗaya. Ta tuna abin da Jamila ta ce, in ta buɗe ya tafi, Mahfuzu zai san an taɓa. Ta ce a ranta ya sani ɗin. Ta zauna bakin gado ta danna, ta kai kunne.

"Salamu alaikum. An kwana lahiya? Mun samu ruwa nan, Allah shi sa ya kai gare ku."

Wayar ta kusa suɓuce mata. Ba budurwa ba ce, ba bazawara ba ce. Muryar tsohuwa ce, mai ɗan kaushi, muryar da ta sani tun kafin ta san kowace murya, sai dai ba ta taɓa jin ta da tsawo haka ba.

"Ɗan albarka, jiya waccan ta kira ni. Ba ta san ni ta ba. Ta yi mani hwaɗa ƙwarai, kuma da gaskiyatta. Kada ka ce mata komi, kada ka ɗaga mata murya, laihina na. Ni nis sa ka ɓoyo cikin gidanka." Akuyar nan ta yi kuka. "Amma ka san wani abu? Muryatta da ƙarhi. Ba irin ta bara ba, da nij jiyo ta daga bakin ƙohwar likita tana nishi. Na kasa kashe wayag ga, ina ta saurare. Ashe haka ta iya hwaɗa." Sai 'yar dariya, wadda ta karye a tsakiya. "To, wanga shi na na ƙarshe, ba ni ƙara aikowa. Ba ni kashe mata aure da kunyata. Itacen wanka na tara, kanwa na nan, hatsin kunu na nan. In ka yarda, ka kawo ta goyon ciki tun ƙoramu ba su cika ba. In ba ta so, kada ka tilasta ta, ban yi mata abin da za ta so zuwa ba. Ka dai lura ta ci abinci, ba ta ci in ranta ya ɓaci, tun tana ƙarama haka take. Allah shi yi maka albarka, kai ka riƙe mani ita. Allah shi sauki Bushira lahiya."

Saƙon ya ƙare. Ta danna don ta sake ji, ba abin da ya fito. Ta sake dannawa, ta sake, har yatsanta ya yi zafi. Sunanta a bakin uwarta, sau ɗaya tun da aka haife ta, kuma ya tafi inda ba mai dawo da shi.

Ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da kakarta ta rasu. Kunya ta rufe ta in ta tuna abin da ta kira matar nan jiya, amma ƙarƙashin kunyar wani daɗi ne ke tasowa wanda ya fi ƙarfinta. Ashe ana tambaya. Ashe duk “kin ci abinci” da ta ɗauka na mai laifi ne, daga Sabon Gida yake tasowa kowace la'asar. Durƙuson ma yanzu ta gane shi: wane ɗan mutunci ne zai yi wa surukarsa magana a tsaye da takalmi, ko da a waya ne? Sunan da bai sa wa lambar ba kuwa, ina Mahfuzu zai iya rubuta sunan surukarsa da hannunsa?

Sai kuma ta farga da wani abu. Saƙon nan ba nata ba ne, kuma yanzu ba ya ko'ina sai cikin kanta. In ta yi shiru, Mahfuzu ba zai san an ce ya kawo ta ba, Inna Zali kuma za ta ɗauka an ji an ƙi. Ba wata hanya sai ta kai shi da bakinta, ta kuma faɗi yadda aka yi ta ji.

Ta yafa mayafi ta bi hanyar gona a hankali, laka na kama mata takalmi. Ta hango shi can shi kaɗai a gefen gonar, ƙannensa sun yi nisa da nasu layin. Yana tafe yana sara da sungumi, rami bayan rami, yana dawowa ya zuba iri. Ta ɗauki ƙwaryar irin, ta bi bayansa tana zubawa tana rufewa da diddige. Ya waiwayo ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga idanunta, ya ga wayarsa a hannunta, ya rufe.

"Inna ta aiko," ta ce. "Na buɗe. Na kuma kira ta jiya da wayar Jamila, ban san ita ta ba. Na zage ta, Mahfuzu."

Ya dafa sungumi ya daɗe yana kallon ƙasa. Ta jira faɗan, ta san ta ci a yi mata. Da ya ɗago, sai ta ga kamar an sauke masa kaya ne.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Wallahi na gaji. Kin san wuyar raɗa gare ni."

Dariya ta kubce mata cikin hawaye. Suka koma gindin wani itacen gao suka zauna, ya ba ta labari. Bayan ɓarin bara ne Inna Zali ta sayar da tunkiyarta ta sayi waya, ta sa Fiddausiya, ƙanwar Bushira, ta nuna mata yadda ake aika murya. Tsohuwar ta ce ba ta yarda ba sai in maganar ba za ta zauna ba, kada wata rana a kunna a ji ta tana tambayar ɗiyar fari, wurin suruki kuma. Fiddausiya ta ce akwai irin wannan. Ran da saƙon farko ya shigo, shi Mahfuzu sai da ya zauna ƙasa, don tun da ya auri Bushira bai taɓa jin abin da ya wuce “lahiya lau” daga bakin matar ba, shi ma ta bayan zana. Ta roƙe shi ya rufa mata asiri, ya yi alkawari. Kuka da daddawar nan ma ita ta aiko, ta hannun Fiddausiya, a bakin kasuwar Madawa.

"Da ka hwaɗa mani," in ji Bushira.

"Da na hwaɗa miki, da ta bari. Ni kau na ga tana so, ke ma na san kina bukata, ko ba ki san daga inda shika hitowa ba."

Ta ce, "Na gode," ta ji kalmar ta yi kaɗan, ta sake faɗa. Sannan ta ba shi saƙon duka, ba ta rage ko kalma ba, sai sunan nan na ƙarshe da ta riƙe wa kanta.

"Kina zuwa?" ya ce.

"Maida mata amsa. Ka ce muna tahe in an gama shuka."

Ya karɓi wayar. Ba takalmi a ƙafarsa da zai tuɓe, amma sai da ya gyara ya durƙusa cikin laka, ya cire hula, sannan ya danna. Bushira ta toshe bakinta da mayafi kada numfashinta ya shiga.

Bayan an gama shuka suka shiga motar kasuwa zuwa Madawa, daga nan suka nemi ta Sabon Gida. Mahfuzu ya sauke mata kaya a ƙofar gida, ya koma gindin itacen bedi ya zauna, don suruki ba ya faɗawa gida haka kawai. Bushira ta yi sallama ta shiga. Abin da ta fara gani itace ne, an jera shi jikin katanga har ya kusa kai kanta, ga babbar tukunyar wanka an kife a gefe. A ƙasar da mata ke yini guda kafin su haɗa dami ɗaya, ta san ba aikin wata ɗaya ba ne.

Inna Zali na bakin murhu, ta ba ƙofa baya. Bushira ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ta.

"Lahiya lau," in ji tsohuwar, ido na kan tukunya. "An zo?"

"An zo." Bushira ta kalli itacen maimakon uwarta. "Kwanan baya na yi ma wata baiwar Allah rashin kunya ga waya, ban san ta ba. Ina son ta gahwarta mani. Ina kuma gode mata."

"Ni mi nas sani ga zancen waya?" Inna Zali ta ce, tana gyara wuta. "Ina nig ga waya?"

Daidai nan wani abu ya yi 'yar ƙara a ƙullin bakin zanen tsohuwar. Mahfuzu ne daga gindin bedi, yana shaida mata sun iso lafiya. Fiddausiya ta ruga ɗaki da dariyarta a hannu. Inna Zali ba ta ko motsa ba, sai dai ta ɗauki ludayi ta shiga juya miyar da ba ta bukatar juyi. Can ta jawo akushi, ta zuba tuwo ta cika shi fam, ta kwarara miya, ta turo shi baya da hannu ɗaya ba ta waiwayo ba.

"Ke," ta ce, "ci."

Bushira ta jawo akushin ta ci, ta cinye tas, har ta suɗe hannu.